Daga Kabarin Uba Zuwa Ƙofar Abokinsa

Akwai matasa masu yawa a Rigasa da Tudun Wada da Mando, da wasu a Zariya da Saminaka da Kano, waɗanda idan aka tambaye su asalinsu za su ce Zangon Kataf, ko Zonkwa, ko Matsirga, ko Kafanchan, alhali rabon wasunsu da garin tun suna goye, wasu kuma tun suna aji biyu na firamare. A ƙetaren Kogin Kaduna, a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, akwai tsararrakinsu 'ya'yan Atyap da Bajju da Ikulu da Kamantan, waɗanda hare-haren shekarun nan suka sa zuwa ƙauyen iyayensu ya zama abin da ake ta ɗagawa daga wannan Kirsimeti zuwa ta baɗi. Dukkanku kuna da uba ko uwa kwance a ƙasar can. Da ku nake, ƙannena. Ku je ku ziyarci kabarin, amma kada ku fito daga maƙabarta ku faɗa mota. Ziyarar ba ta cika ba sai kun ƙarasa ƙofar mutanen da suka san mamacin yana raye, ko da addininku da nasu ba ɗaya ba ne, ko da a gidanku ba a ambaton ƙabilarsu sai da tsaki.

Maganar tana da nauyi a nan fiye da yadda za ta yi a Daura ko Gumel, kuma kowa ya san dalili. Zango gari ne na Hausawa 'yan kasuwa da ya kafu tun zamanin fatake a tsakiyar ƙasar Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Katafawa. Zama ya daɗe, ciniki ya daɗe, ƙorafi ma ya daɗe. Atyap ba su manta da harajin da hakiman Zazzau suka karɓa ba, da aikin tilas, da shari'a a gaban alƙalan da ba na al'adarsu ba, da gonakin kewayen garin da suke ganin nasu ne aka karɓe. Hausawan Zango kuma suna cewa a nan aka yanke cibin kakanninsu, ba su da wani garin da za a ce su koma. A watan Fabrairun 1992 aka gwabza kan mayar da kasuwa sabon wuri. A tsakiyar watan Mayu wuta ta sake tashi, ta cinye garin, ta tsallaka Kaduna da Zariya. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta, har yau kuma kowane ɓangare da nasa lissafin. Tun bayan rikicin Fabrairu aka kafa kwamitin bincike na Mai shari'a Rahila Cudjoe. Kotun musamman ta Mai shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa a 1993, gwamnatin Babangida ta sassauta shi zuwa ɗauri. A 1995 aka ba Atyap masarautarsu. Kafin rikicin Zango an yi na Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987. Bayansa an yi na 1999 kan naɗin Sarkin Jama'a, da na bayan zaɓen Afrilun 2011 wanda ya kwashi mutanen Zonkwa da Matsirga ya zube su a sansanin alhazai na Mando, sannan hare-haren ƙauyuka daga 2016 zuwa 2023, waɗanda Atyap da maƙwabtansu suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Duk wanda ya ce muku a wannan ƙasa ɓangare ɗaya ne kaɗai ya binne nasa, ko bai sani ba, ko ya sani ya take.

Abin da ya fi damuna shi ne irin gadon da wannan tarihi ya bar muku. Yaron da mahaifinsa ya tsufa ya rasu a ɗakinsa yana jin labarin uban daga bakuna da yawa: mai cewa yana da hannun kyauta, mai cewa ba a cin kuɗinsa a kwana lafiya, mai tuna yadda ya taɓa faɗowa daga keke ranar kasuwa aka yi ta dariya. Daga waɗannan gutsattsari yaron ke haɗa mutum cikakke. Wanda aka kashe ubansa a rikici, ko wanda aka binne nasa lafiya ƙalau amma iyalin suka watse daga baya, labari ɗaya yake ji, na ranar da aka gudu. Mutum ya yi shekara arba'in ko hamsin yana awon citta da acca, yana fawa, yana ɗinki, yana koyarwa a firamare, yana jan waƙa a majami'a ko kiran salla a masallacin unguwa, amma sai a naɗe duk wannan cikin yini guda. Iyaye mata ba su da laifi a nan. Abin da ya fi ƙuna shi ke fara fitowa daga baki. Sai dai ɗan da bai gaji komai daga ubansa ba sai yadda aka kashe shi, ya gaji fushi ne bai gaji uban ba, kuma irinsa ne ke da sauƙin ja ga ɗan siyasa da mai wa'azin ɗaukar fansa. To ragowar rayuwar tana hannun wa? Tana hannun waɗanda suka yi ciniki da shi, suka zauna benci ɗaya a makaranta, suka yi maƙwabtakar gona. A gari irin Zango, inda Bahaushe ɗan kasuwa ba ya cin abinci sai manomin Atyap ya kawo amfanin gona, manomin kuma ba ya ganin kuɗi sai ɗan kasuwar ya auna, da yawa daga waɗannan mutane suna can ɗaya ɓangaren. Wanda ya ƙi taka ƙofarsu ya yarda ke nan ya rasa rabin ubansa.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa Amina, wanda ke Abwa'u tsakanin Makka da Madina, ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Da farko ya hana ziyarar kaburbura, daga baya ya yi izini saboda tana tuna wa mutum lahira. Wannan kowane ɗalibin Islamiyya ya san shi. Wanda ba a cika jawowa ba shi ne labarin Abdullahi ɗan Umar, shi ma a littafin Muslim: ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya sauka ya ba shi jakin da yake hawa, ya warware rawaninsa ya miƙa masa. Abokan tafiya suka ga abin ya yi yawa ga mutumin da kaɗan ma za ta ishe shi. Ya gaya musu cewa mahaifin wannan mutum aminin Umar ne, kuma ya ji Annabi yana sanya sada zumunci da masoyan uba a ƙololuwar biyayya ga iyaye. Ku duba, ba abokin Umar ɗin ba ne ma, ɗan abokin ne. Idan wani ya ce ai wancan Musulmi ne, sai a tuna masa cewa Asma'u 'yar Abubakar ta tambaya ko ta sada zumunci da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba aka ce ta sada, kuma aya ta takwas ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe ka ba. Ku kuma da kuka taso a ECWA ko Katolika ko Baptis, babi na 27 na Littafin Karin Magana ya gargaɗe ku kan yasar da abokin uba, kuma Sulemanu ya riƙe amincin da ke tsakanin Dawuda da Hiram sarkin Taya, mutumin da ba ƙabilarsu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Littafin Farawa ma ya nuna Ishaku da Isma'ilu, bayan duk abin da ya raba ɗakunan iyayensu mata, sun haɗu sun binne Ibrahim tare.

Na san abin da wasunku masu karatu za su ce: addu'a tana isa ga mamaci daga ko'ina, ba sai an ci kuɗin mota ba; ɗa nagari da ke roƙa wa iyayensa gafara a Rigasa bai gaza wanda ya tsaya a kan kabari ba; malamai ma sun yi saɓani kan ɗaura niyyar tafiya takanas don kabari. Duk gaskiya ne, kuma ba zan shiga tsakanin Izala da ɗariƙa a kan wannan ba. Amma wannan hujja, in aka bi ta har ƙarshe, goyon bayana take yi. Idan mamaci ba ya buƙatar ƙafarku don addu'a ta same shi, to tafiyar domin ku ce da rayayyu, kuma babu malamin da ya taɓa yin saɓani kan halaccin tafiya don zumunci. Zumunci kuwa a ƙafa yake. Sannan akwai wani abu da addu'ar nesa ba ta magancewa. Kabarin Musulmi a ƙasarmu ba a gina shi, ba a rubuta suna. Tudun ƙasa ne da 'yan itatuwa ko fasasshiyar tukunya, kuma a yankin da ruwan sama ke zuba kamar na Kudancin Kaduna, damina kaɗan ta isa ta shafe tudun. Sanin wurin yana kan mutum biyu ko uku da suka riƙe makara ko suka haƙa ramin. Wanda ke da shekara arba'in a 1992 ya haura saba'in yau. Ko kabarin kaɗai kuke so, sai kun bi ta ƙofar rayayye. Kiristocin yankin, da suka saba kai gawa gida a binne kusa da gidan gado a yi siminti a rubuta suna, ba su da wannan matsala, amma suna da 'yar uwarta: za ka sami kabarin, ka tarar unguwar ta watse, ba mai gaya maka wane ne wannan da ke kwance in ba ka nemi inda tsofaffin suka koma ba.

Akwai kuma wani nauyi da kusan ba mai tunawa da shi. A jana'izar Hausa, kafin a watse, wani daga dangi kan miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya sami magada, wanda mamaci ke bi shi ma ya kawo. Waɗanda aka binne cikin gaggawa a Mayun 1992 ko Afrilun 2011 ba wanda ya miƙe ya yi musu wannan shela, kuma ko an yi, masu bin bashin ba sa wurin. Ɗan kasuwar da ya karɓi buhun citta ya ce sai kasuwa mai zuwa, mahaucin da ya ja akuya bai gama biya ba, matar da ta kwashi adashi ba ta gama zubi ba, manomin da ya karɓi kuɗin taki a hannun Bahaushe da alkawarin biya da kaka, wanda ya ba Bafulatani kiwon saniya: duk waɗannan igiyoyi an tsinke su rana ɗaya ba a warware ba. Iyalai da yawa suna kiran mamatansu shahidai, muna kuma roƙon Allah Ya karɓi shahadarsu, amma ruwayar Muslim ta nuna ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Bukhari kuma ya kawo cewa Annabi ya ja da baya daga sallatar gawar mai bashi sai da wani ya ɗauki nauyin biya. Haƙƙin wanda ba Musulmi ba bai fita daga wannan ba. Annabi da kansa ya bar duniya sulkensa na jingine a hannun Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa. Saboda haka tambaya mafi amfani da za ka yi a garin mahaifinka ita ce: Baba, ko akwai wanda ke bin mahaifina wani abu? Za a ce maƙaryata za su yi layi. Ka yi tambayar a gaban mai unguwa da dattawan da suka san hulɗar, maƙaryaci ba ya son idon tsara. Mai yiwuwa abin bai wuce 'yan nairorin da yau ba sa sayen mudun masara ba, mai yiwuwa a ce an yafe tun tuni, mai yiwuwa ma kai ne za a ce ana riƙe wa ajiya. Ko yaya ta kaya, mutumin da ya ga ɗan abokin cinikinsa ya taso tun daga Kaduna don ya sauke wa ubansa nauyi, ba zai ƙara yi wa wannan yaro kallon baƙo ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa ita ce wadda ba a faɗinta da ƙarfi: yaya zan durƙusa in gai da mutumin da mai yiwuwa yana cikin waɗanda suka kewaye gidanmu, ko wanda ya ga ana yi ya yi shiru, ko wanda yau yake noma gonar ubana? Wannan ba cin amanar mamaci ba ne? Ba zan raina wannan tambaya ba, ba kuma zan ce ku yafe abin da ba a nemi yafiyarsa ba. Wanda aka tabbatar da hannunsa a jinin mahaifinka, ba ni da bakin cewa ka je ƙofarsa. Tsakaninku sai shari'a, ta nan ko ta gobe ƙiyama. Amma ban ce ku gai da ƙabila ba, mutum na ce, mai suna, wanda mahaifiyarku ko kawunku zai iya ambata: wane da babanku ke sayen doya a hannunsa, wance da ke kawo wa innarku acca, malam wane da suka koyar a makaranta ɗaya. Laifin da aka yi, wasu ne suka yi shi da hannayensu. Ɗora shi kan duk mai jin yare ɗaya da su, shi ne ainihin lissafin da ya sa aka kashe matafiya a Kaduna da Zariya a 1992, mutanen da ba su taɓa taka Zango ba. Wanda ya ɗauki wannan lissafi ya ɗauki gadon makasan ne, ba na ubansa ba. Kuma a kowane rikici akwai waɗanda suka ɓoye maƙwabta a ɗaka ko suka raka su ta bayan gari. Sunayensu ba sa yawo saboda su kansu suna tsoron nasu. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa. Duniya ta san shi ne kawai don labarin ya fita. Liman Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye kuwa 'ya'yan wannan rikici ne na Zango da ya tsallaka Kaduna: Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, kowannensu ya yi shekaru yana neman ɗayan da sharri, sannan a 1995 suka fara aikin sulhu tare. Ba na ce ku zama su ba. Amma idan waɗanda suka riƙe makami da hannunsu suka iya zama tabarma ɗaya, to gaisuwar abokin uba da bai taɓa ɗaga maka yatsa ba ba ta kai a kira ta cin amana ba.

Sai dai akwai wata irin ziyara da gara a bar ta. Ita ce ta wanda ya je kabari don ya kafa hujja. A Zango kowane ɓangare yana da wannan magana a baki: kakanninmu a nan suke kwance, saboda haka ƙasar tamu ce. Dukansu gaskiya suke faɗa game da kaburburan, shi ya sa hujjar ba ta raba gardama, sai dai ta ƙara mata itace. Ku dubi Hebron, wadda Larabawa ke kira Khalil, inda kabarin Annabi Ibrahim yake: bayan kisan masallata 29 a Fabrairun 1994 aka raba ginin gida biyu tsakanin Musulmi da Yahudawa, kowa na shiga ta ƙofarsa a gaban sojoji. Haka kabarin uba ke komawa idan aka mayar da shi takardar fili. Maganar gonakin Zango tana da wurinta. An yi kwamitin Cudjoe, an yi na sulhu ƙarƙashin Usman Mu'azu a 1995, kuma bayan rikicin gona na Yunin 2020 gwamnatin El-Rufa'i ta sake ɗauko rahotannin biyu. Mai haƙƙi ya bi shi ta wurin dattawansa da lauya da kotu, kada ya sassauta. Amma ranar ziyara ba ranar nuna iyaka ba ce. Wanda ya tashi daga kan kabari ya zarce gona yana auna ta da ido, ko ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo yana cewa ku ga abin da suka yi mana don ya watsa a Facebook da TikTok, zai koma Kaduna kafin magariba ya bar wa tsirarun danginsa da ke zaune a garin abin da ya kunna. Tsuntsun da ya ja ruwa ake cewa shi ruwa kan doka, amma a nan wasu ne ke jiƙewa.

Wuraren ƙuruciya kuwa, ku shirya wa ganin ba su nan. An sake gina Zango bayan 1992, lungunan da kuka sani ba lallai su kasance inda kuka bar su ba. Kasuwar Kafanchan ta ƙone a 2011. Tashar jirgin ƙasa, wadda tun ƙarshen shekarun 1920 ta mayar da Kafanchan mahaɗar layin Fatakwal da Kaduna da Jos, ta tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da Fantswam da Kagoro a gidajen ma'aikatan reluwe, yau ta yi tsit. Ruwan Matsirga yana nan yana zuba, duwatsun Kagoro ba su gusa ba, amma su ba sa magana. Za ku iya tarar da wani a gidanku, ko kango, ko gonar masara. Wasu kan ce to mene ne amfanin zuwa a tayar da tsohon miki? Amfanin shi ne garin da ke kanku ba garin gaskiya ba ne: ko dai aljanna ce da aka kore ku, ko kuma ramin wuta, kuma duka biyun ƙarya ne da gani kaɗai ke korewa. A tsibirin Saifurus, da aka buɗe shingen da ya raba Girkawa da Turkawa a Afrilun 2003 bayan kusan shekara talatin, dubban mutane sun tsallaka don ganin gidajensu da kaburburan iyayensu, kuma da yawa sun tarar mazauna gidajen sun adana musu hotunan iyali. Rigimar tsibirin ba ta ƙare ba har yau, ziyara ba ta warware siyasa. Amma wanda ya tsallaka ya dawo yana magana a kan mutane masu fuska. Idan kun sami wani a gidanku, ku yi sallama, ku faɗi ko ku 'ya'yan wane ne, ku nemi izinin leƙa tsakar gida. In an ba ku, ku gode. In an hana, ku wuce.

Maganar tsaro ba abin wasa ba ce, ba na kuma so a ce na tura ɗan wani ga halaka. Hanyar Kaduna zuwa Kachia ta sha fama da masu garkuwa. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a Maris na 2016, Agwatyap, sarkin Atyap, ya tara mutanensa da Hausawa da Fulani an yi wata a Agustan 2020, kuma bayan kowace an sake zubar da jini, saboda haka kada ku dogara da takarda. Ku dogara da mutumin da ke kwana a garin. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku kira dangi ko liman ko fasto tun da sauran mako, a gaya wa mai unguwa kuna tafe da abin da ya kawo ku, a sama muku dattijon da zai yi muku jagora zuwa ɗaya unguwar, domin baƙon da aka gani tare da ɗan gari ba a tambayarsa daga ina. Ku zaɓi rani bayan an kai amfanin gona gida. Na Mayun 1992 da na Yunin 2020 duk a farkon damina suka tashi, lokacin da maganar gona ke da zafi. Ku kauce wa kakar zaɓe. Ku yi tafiyar da rana, mutum biyu ko uku, ba ayarin motoci ba. Idan na can suka ce ku dakata, ku dakata, babu abin kunya a ciki. Abin da na ƙi shi ne dakatawar da ba ta da ranar ƙarewa, wadda tsoro ya fara ta, ƙyuya ta riƙe ta.

Wasunku ba za a iya nuna musu kabari ba, domin an haɗa nasu da mutane da yawa a rami ɗaya, ko ba a ma ga gawar ba. Ku tsaya inda dattawa suka nuna, ku yi sallama ga duk na ciki, ku yi addu'ar da addininku ya koyar. Wanda kuke roƙo Ya san kowa da makwancinsa. Ku ne ma kuka fi kowa buƙatar ƙofar abokan, tunda ƙasa ba ta riƙe muku alama ba. 'Yan mata kuma, waɗanda al'adarmu ba ta cika barin su shiga maƙabarta ba, kada su ɗauka ba su da rabo a tafiyar. Ƙawayen uwa sun fi abokan uba riƙe labari: su suka san wa ya karɓi haihuwarki, wa ya ba da aron zane ranar suna, wace ce ta kai wa mahaifiyarki tuwon Kirsimeti ta karɓi naman Salla. Ku tafi da goro da sabulu da turmin atamfa gwargwadon hali, ba kuɗi a ambulan kamar masu neman ƙuri'a ba. Ku durƙusa ku ce Baba, ku ce Mama, kamar yadda iyayenku za su so. Ku bar tsoho ya yi magana, ko da ya faɗi wani hali na mahaifinku da ba ku so ji ba, ko ya ba da labarin rikicin ta fuskar da ba ku saba ji ba. Ba muhawara ta kai ku ba. Kafin ku tashi daga Kaduna, ku zauna da mahaifiya ko goggo ko kawu ku rubuta sunaye biyar ko shida da unguwanninsu, domin wasu za a ce sun rasu, wasu sun ƙaura Zonkwa ko Samarun Kataf, wani kuma zai ƙi fitowa. Wanda ya rasu ku nemi ɗansa, kamar yadda ɗan Umar ya yi. Abin da aka gaya muku, da kwatancen kabarin daga wace bishiya zuwa wane dutse, ku rubuta shi a takarda ku ba ƙannenku kwafi, ku kuma karɓi lambar wayar wanda ya yi muku jagora don a riƙa aika masa ɗan abin share maƙabartar bayan kowace damina.